Zanzana a Jikin Mota

Fentin ya kwana ya bushe, ya kuma tashi da zanzana. Tsohon Tela ya tsaya gaban bonet ɗin motar da hantsi, ya ture tabarau zuwa goshi, don ya daɗe da daina yarda da shi, ya bi ƙarfen da tafin hannu a hankali. Ƙananan ramuka ne birjik, kowane da ɗan zobensa, kamar yayyafi ya taɓa rairayi ya ɗauke. Karo na uku ke nan. Sau uku yana gogewa da sanfefa har yatsunsa su yi sulɓi, sau uku yana fesawa, sau uku shuɗin fentin yana tsuke baki yana gudun ƙarfe.

Matarsa ta fito daga ɗaki da bahon wanki a ƙugu. Ta dubi motar da ta cinye mata rabin tsakar gida, ta dubi mijin.

"Ya yi?"

"Ya kusa."

"Wata takwas ke nan yana kusa, Malam." Ta dire bahon. "Duk fararen kayan gidan nan sun koma shuɗi-shuɗi. Jiya maƙwabciya ta tambaye ni ko rini na fara, tana da zannuwa biyu. To, yau Laraba. Na gaya wa mijin Auta ya zo da janwe ran Asabar ya ja ta zuwa garejinsa. Su da sana'arsu ce, kwana uku sun gama."

"Wa ya aike ki?"

"Bayana ne ya aike ni, shi da ke ɗaukar wanki zuwa gidan mutane don a ba ni aron igiya."

 Ya san ta, ba ta yawan yanke magana, amma in ta yanke ko almakashinsa bai fi ta kaifi ba.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a kan keken ɗinki. Da ido ya fara gardama da kafar allura, babban ɗansa ya karɓi shagon cikin ladabi, yana ta cewa, "Baba, ka huta." Ya zauna gida wata biyu yana hutawa, har ya fara ƙirga ƙadangarun katanga. Sai ya tuna motar marigayi yayansa da ta shekara tara a gindin bishiya, tsatsa na ci, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ya sa aka turo masa ita. Injin bai dame shi ba, bakanike ya tashe shi a yini biyu. Jikin ne ya ce nasa ne. A ganinsa, wanda ya iya yanka riga ta zauna a kafaɗar da ta karkace ba zai kasa miƙe ƙofar da ta lotsa ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗi a gidan, kowa dai ya sani. Shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da mai fentin mota ya fito neman 'yarsu Auta, Tela ya ce a gaban mutane, shafa fenti ai ba sana'a ba ce, ko makaho ya iya in an nuna masa bango. Maganar ta yi ƙafa ta isa inda za ta isa. An yi auren, an haifi yara uku, mai fentin ya kafa garejinsa da ma'aikata, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, bai taɓa ɗaga zancen ba. Yanzu a ce a ja motar nan a bi titi da ita, da zanzanarta, a kai ta ƙofar wannan mutum? Tela ya gwammace a ja shi shi kansa.

A waya ya koyi aikin. Auta ce ta nuna masa inda zai danna, ga mutane nan suna gyara mota sukutum cikin minti goma, ba gumi, ba mata a kansu. Ran farko ya kwaɓa fotin cike ramuka gwangwani guda da maganin daskarewarsa gaba ɗaya, kamar mai dama sitati. Kafin ya je ya ɗauko tabarau ya dawo, abin ya zama dutse, cokalin matarsa na tsaye a tsakiya. Har yau yana nan bayan ɗaki, ba a iya cire cokalin ba. Daga nan ya lulluɓe tsatsa da foti ba tare da ya kankare ta ba, bayan mako uku ta kumburo ta fito kamar maruru. Ya fasa, ya kankare har ƙarfe ya yi fari, ya kira mai walda ya ɗora faci, ya sake daga farko.

Amma a yi masa adalci, akwai inda hannun tela ya nuna kansa. Lotsawar da mai ido biyu zai wuce bai gani ba, yatsansa na hawa kai zai tsaya. Takardun da ya rufe gilasai da fitilu kuwa, da tef ya auna, da alli ya zana, da almakashi ya yanka, suka zauna ɗas kamar an ɗinka wa motar riga. Fentin ne kaɗai ya ƙi shi. Ya zargi mai sayar da fenti, ya canza shago. Ya zargi ƙura, ya kewaye motar da tsofaffin zannuwan gado, yana yayyafa wa ƙasa ruwa kafin ya fesa. Ya zargi hayaƙin girki, ya kafa dokar hana soye-soye a duk ranar feshi. Dokar ce ta ƙure haƙurin matarsa.

Ran Alhamis Auta ta zo da mijinta. Sun tarar da shi tsugune gaban bonet, fari fat da ƙurar sanfefa, har girarsa. Surukin ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya sake tambayar jiki.

"Ga ta nan," in ji Tela, ba tare da ya ɗago ba. "Tunda an ce kai za ka ja, sai ka duba inda za ka ɗaura igiya."

"A'a, Baba. Ai aiki ya yi kyau."

"Ya yi kyau?"

"An sha aiki, Baba. Sannu da ƙoƙari."

Tela ya yi tsaki a ciki. Ya janyo tsumman da ke kafaɗarsa ya share ƙurar bonet ɗin, lungu-lungu, yadda ya saba kafin kowane feshi. Tsumman nan ya girmi Auta. Kullum da safe, ko da yake ɗinkin ya zama sai jefi-jefi, sai ya buɗe kekensa a ɗaki ya ɗiga masa mai, ya goge shi tas da tsumman, sannan ya saɓa shi a kafaɗa ya fito. Tsabta ita ce rabin ɗinki, haka maigidansa ya koya masa tun yana saurayi. Yana sharewa ya ji idon surukin na bin hannunsa.  Mutumin ya tashi ya fita waje, ya dawo da ƙunshin fararen ƙyallaye, ya ajiye da hannu biyu.

"Baba, ga waɗannan. Ko za su yi amfani wajen aikin."

Bayan sun tafi Tela ya kwance ƙunshin ya murza ɗaya tsakanin yatsu. Auduga ce zalla, mai laushi, sabuwa, sai dai an yayyanka ta ba kalmasa, bakin na zubar da zare. Abin ya ba shi haushi. Ga mutanen da ba su san darajar yadi ba. Ya sa matarsa ta zura masa zare a allura, ya hau keke ya kalmashe su guda goma sha biyu, don miƙaƙƙen ɗinki ko ido rufe yana yinsa, ya ninke ya miƙa mata ta riƙa goge kwanuka.

"Af, na manta," ta ce tana karɓa. "Auta ta ce mijinta ya ce ka jefar da ƙazamin tsumman nan naka."

"Shi ya ce, ko ke kika ce? Shekara talatin kina wannan waƙar, yau kin samo mata sabon maroƙi."

"Ni dai na isar."

Ran Juma'a da sassafe ya yi na huɗu. Ya yayyafa ruwa, ya tayar da injin iska, ya tace fentin da ƙyallen gidan sauro, ya share bonet da tsummansa har sau biyu don kada ƙwayar ƙura ta samu wurin zama. Ya fesa a nutse, hannu na tafiya kamar yana bin alli. Muddin fenti na ɗanye, idonsa ba ya nuna masa komai sai shuɗi mai ƙyalli, don haka ya zauna a inuwa ya jira, yana korar ƙuda da hula. Da la'asar ya tashi ya ɗora hannu.

Zanzana. Ta ma fi ta da yawa.

Ya daɗe a tsaye. Ba fushi ya ji ba wannan karon, wata irin gajiya ce ta sauko masa daga wuya zuwa gwiwa. Ya janyo tamfol don ya rufe ta, kada ya ƙara ganinta kafin gobe. Ya taka kujera ya miƙa ya jefa tamfol ɗin ta sama, ya dafa tsakiyar rufin motar don kada ya faɗi. Sai hannunsa ya zame.

Ya ture tamfol ɗin ya sake shafawa. Tsakiyar rufin sumul take kamar madubi, ba rami ko ɗaya. Fenti ɗaya, rana ɗaya, hannu ɗaya ya fesa da sauran jikin. Ya jawo yatsa zuwa gefe a hankali, sai ga zanzana ta soma, a jere, kamar an ja mata layi. Ya sauko ya ɗauko tef. Daga bakin rufin zuwa inda sumul ɗin ya fara, inci ashirin da biyar. Ya zagaya ɗaya gefen ya auna. Inci ashirin da biyar.

Babu telan da bai san awon hannun rigarsa ba. Feshin rufi a kan kujera yake yi, amma sharewar ƙarshe a ƙasa yake tsayawa, ya zagaya motar yana miƙa hannu iya inda ya kai. Duk inda hannunsa ya kai ya lalace, inda bai kai ba ya tsira. Ya sauke tsumman daga kafaɗa ya kai hanci. Shekara da shekaru yana tare da warin nan har ya daina jinsa. Man keke ne, ya jiƙa zaren tsumman har ya yi nauyi.

Ya zauna a kan kujerar. Mai sayar da fenti ya sha zagi a banza, ƙura ta sha, girki ya sha, ashe ɓarawon a kafaɗarsa yake kwana.

Matarsa ta same shi a haka. Ya ɗaga mata tsumman da yatsa biyu.

"Shi ne. Mai ne a jiki. Fenti ba ya zama a kan mai."

Ta dubi tsumman, ta dube shi. Ya ga dariya ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta don albarkacin zaman tare.

"Wato wata biyu muna cin dafaffe saboda wannan."

"Kuma yaron nan ya gani jiya. Ya gani da idonsa, ya ce mini aiki ya yi kyau."

"To me kake so ya ce? Kai ka bar masa ƙofar da zai shigo da magana?" Ta karɓi tsumman ta riƙe nesa da jikinta. "Allah ya sa mu dace. Asabar dai gobe ce."

Da hantsin Asabar janwe ta tsaya a ƙofar gida. Surukin ne da kansa ya tuƙo, bai zo da ma'aikaci ko ɗaya ba. Ya shigo ya durƙusa ya fara jero gaisuwa, Tela ya katse shi a ta biyu.

"Ka ga tsumman nan shekaranjiya?"

"Na gani, Baba."

"Ka san shi ne?"

Surukin ya dubi ƙasa. "Na yi zato."

"Zato. Mutum na zuba gumi wata da watanni, kai kana zato. Tun yaushe?"

"Tun karo na farko, Baba. Auta ta nuna mini hoto. Mu idon kifi muke ce masa, mai ne ke kawo shi. Na aiko a faɗa, sau biyu."

"Ka aiko. Ta bakin mata biyu, kowace ta rage ta ƙara nata. Kai ba ka da baki?"

"Ina da shi, Baba. Wurin ajiye shi ne ban samu ba."

Tela ya waiwaya. Matarsa na tsaye bakin ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu, tana jiran a ɗaura igiya. Ya dubi motar. Ya san ko aljani ne shi ba zai goge ta duka ya fesa a yini ɗaya ba. Ya yi gyaran murya, maganar ta fito da ƙyar kamar ana zare ƙaya.

"Man da ya riga ya hau ƙarfe, da me ake fitar da shi?"

Surukin bai ɗago ba. Ya amsa wa ƙasa, a hankali, dalla-dalla. A goge da sanfefa mai laushi har ramukan su ɓace. A wanke da ruwan sabulu, a bari ya bushe. A jiƙa sabon ƙyalle da maganin cire maiƙo a shafa, a bi da wani busasshe nan take, hannu na tafiya gefe ɗaya, ba a komowa. Bayan nan ko yatsa kada ya taɓa.

"Ko yatsa?"

"Yatsa ma da maiƙonsa, Baba."  "Ƙyallayen da na kawo suna kusa?"

"Suna kicin," in ji matar. "An yi musu kalmasa."

Surukin ya shafa gemu. Ya ce ba komai, akwai wasu a mota, da maganin ma, ya taho da su ko da za a buƙata.

"Ni fa janwe na kira, ba makaranta ba," ta ce. Ta dubi mijinta, ta ga yadda ya riƙe sanfefar. Ta ja numfashi. "Ƙofa ɗaya. In ta fito da zanzana, yau motar nan a gareji za ta kwana."

Ƙofar direba Tela ya zaɓa. Ya goge, ya wanke, ya shafa maganin yadda aka faɗa, yana ji hannunsa na ƙaiƙayin ya taɓa ya tabbatar. Da aka zo feshi surukin ya miƙo hannu wajen bindigar fenti, irin miƙowar da sabo ke sawa. Tela bai saki ba. Mutumin ya janye hannun, ya haɗa shi da ɗayan a bayansa, ya koma jikin katanga ya tsaya.

Tela ya danna. Bai kai rabin ƙofar ba ya ji ɗan tari a bayansa. Ya ci gaba. Tarin ya sake zuwa. Ya ɗan ja bindigar baya kamar taƙi guda, tarin ya tsaya. Da ya zo ƙarshen layi ya jinkirta hannu, tari biyu a jere. Ya ƙara sauri, shiru. Haka suka yi shafi na farko, suka jira, suka yi na biyu, ba wanda ya ce da wani uffan. A shafi na uku sau ɗaya kawai aka yi tari, wajen mariƙin ƙofa.

Ya kashe injin. Tsakar gidan ta yi tsit. Ƙofar na ƙyalli, amma ai sauran ma sun yi ƙyalli suna ɗanye. Ya sauko da tabarau, ya mayar da shi goshi. Hannunsa ya tafi da kansa wajen ƙarfen, sai aka yi wani tari mai ƙarfi har kazar maƙwabta ta tashi daga kan katanga. Ya dunƙule hannun ya sa a aljihu.

"Kai da ke da ido," ya ce, yana kallon ƙofar, "me ka gani?"

Surukin ya matso ya tsuguna, ya karkata kai ya bi fentin da ido ta inda haske ke kwanciya.

"Ya kwanta, Baba."

"Kada ka yi mini aiki ya yi kyau."

"Akwai hawaye ɗaya ƙarƙashin mariƙi, inda hannu ya tsaya. In ya bushe a goge shi. Ban da shi, ko a garejina ne zan bar ƙofar nan ta fita."

Tela ya gyaɗa kai. Hawayen nan ɗaya ya fi masa duk sannu da ƙoƙarin da ya sha a wata takwas daɗi. Ya shiga wanke bindigar da tina, ruwan da ke narkar da fenti.

Matarsa ta fito da kofin ruwan ɗumi ta miƙa wa surukin, ta ce ya sha, tun ɗazu take jin tarin nan daga ɗaki, ba kyau mutum ya bar shi ya zauna masa a ƙirji. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ta zagaya ta dubi ƙofar, ta ga kanta a ciki da ɗankwalinta. Ba ta yaba ba, ba ta kushe ba.

"Ɗaya ke nan. Saura me?"

"Ƙofa uku," in ji Tela. "Da bonet, da but, da gefen rufi."

"Ba kai na tambaya ba, kai kullum ya kusa." Ta juya ga surukin. "Kai ɗana ne, ba za ka yi mini ƙarya ba. A hannunsa, yadda ka ga yana yi, kwana nawa?"

Surukin ya dubi surukarsa. Ya dubi Tela, wanda ya daina wanke bindigar yana jira. Ya dubi ruwan da ke cikin kofin, ya kai shi baki, kafin ya kurɓa tarin ya sake taso masa.